Ragayar Kyamara a Ƙarƙashin Ruwa: Aikinta da Keɓaɓɓun Kalmominta, Misali daga Madatsar Ruwan Calawa

Tsakure

Muƙalar ta nazarci yadda ake girka na'urar da ke riƙe kyamara ta hana ta rawa, wadda masu sana'ar fim ke kira gimbal, a cikin rufaffen mazubin da ruwa ba ya ratsawa, a jikin na'urorin da ke nutso ba tare da matuƙi ba. An ɗauki madatsar ruwan Calawa da ke ƙasar Ƙaraye a matsayin fagen auna bayanin, saboda zurfinta da lakar da ke taruwa a cikinta da kuma zafi da ƙurar yankin. Manufar ita ce a fayyace aikin na'urar daki-daki, sannan a gwada wasu kalmomin gida, irin su ragaya da batta da ƙoƙo da talala, a ga iyakar nauyin da za su iya ɗauka a matsayin keɓaɓɓun kalmomi. Nazarin ya nuna cewa wahalar aikin ta fi ƙarfi wajen haɗa cibiyoyi uku a wuri guda, kuma kalmar da ta fi dacewa da na'urar tana ɗauke da tarkon da ya kamata malami ya sani kafin ya miƙa ta ga ɗalibi.

Fitilun Kalmomi: keɓaɓɓun kalmomi, ragaya, na'urar nutso, madatsar ruwa, Ƙaraye

1.0 Gabatarwa

A watan Agustan 1988 madatsar ruwan Bagauda da ke jihar Kano ta ɓalle, a watan Satumban 2024 kuma ta Alau ta ɓalle, ruwa ya shafe unguwanni da dama na birnin Maiduguri. Kowace da musabbabinta, amma dukansu sun tuna wa jama'a cewa madatsa gini ce mai tsufa, mai buƙatar a riƙa duba lafiyarta. Abin da ke saman ruwa ido na iya ganinsa. Ƙofofin sakin ruwa kuwa, da ragar ƙarfen da ke tare shara a bakinsu, da duwatsun da aka jera a fuskar bango, mafi yawansu a nutse suke shekara da shekaru. Tura mutum ya duba su kasada ce, domin ƙaramar kafa a jikin ƙofa, idan akwai ruwa mai zurfi a samanta, tana tsotsa da ƙarfin da ko gwanin nutso ba ya iya kuɓucewa. Wannan ne ya sa a ƙasashe da yawa aka koma tura na'ura mai ɗauke da kyamara da fitila, mutum yana zaune a kwalekwale ko a kan bango yana kallon abin da take gani.

Fasahar ta kwana biyu. Tun a 1953 Dimitri Rebikoff ya ƙera irin wannan na'ura mai igiya a Faransa, a 1966 kuma rundunar ruwan Amurka ta yi amfani da wata wajen ciro bam ɗin da ya faɗa teku kusa da Palomares a ƙasar Sifen. Abin da ya sauya shi ne girma da tsada. Samfurin BlueROV2, wanda kamfanin Blue Robotics na Amurka ya fitar a 2016, mutum ɗaya na iya ɗaukarsa ya sa a kwalekwale.

Abin da ya kawo batun cikin nazarin Hausa shi ne, duk ranar da irin wannan aiki ya zauna a yankin Ƙaraye da Rogo, waɗanda za su riƙe shi yau da gobe su ne masu gyaran waya da kanikawa da masunta, kuma da Hausa za a koya musu. Ƙamus na Keɓaɓɓun Kalmomi da Ɗalhatu Muhammad ya tace a 1990 ya yi wa nazarin harshe da adabi gata. Fannin ƙere-ƙere bai sami irin wannan gatan ba. Kalmar da aka ƙirƙira ba tare da an fahimci abin da take wa suna ba, a kan takarda take mutuwa. Saboda haka muƙalar ta riƙa gwama bayanin na'ura da auna kalma, ba ta raba su ba.

2.0 Fagen Nazari

Madatsar Calawa, wadda takardun hukuma ke rubutawa Challawa, tana cikin ƙaramar hukumar Ƙaraye, kimanin kilomita 90 kudu maso yamma da birnin Kano. Kamfanin Julius Berger ne ya gina ta tsakanin 1990 da 1992, Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are kuma ita ke kula da ita. Tsayin bangonta mita 42 ne, tsawonsa kilomita 7.8, idan ta cika tana ɗaukar ruwa kyubik mita miliyan 904. Ruwan da ake saki yana bin kogin Calawa ya haɗu da kogin Kano su zama kogin Haɗeja, ya wuce zuwa fadamun Haɗeja da Nguru. Gonakin Ƙaraye da Rogo, ƙananan hukumomin nan biyu da dokar 2024 ta haɗa a masarauta guda, suna cikin ƙasar da ruwanta ke gangarowa tafkin, kuma ƙasar jigawa ce mai saurin zaizayewa. Kowace damina ruwa na kwaso rairayi da laka ya zube a tafkin.

Wannan ya sa ruwan Calawa ya sha bamban da ruwan tekun da ake gani a tallan irin waɗannan na'urori, inda kifi ke bayyana garau daga nesa. A nan, da damina ruwan ja ne, kaɗaɗɗe. Sai bayan ɗaukewar ruwan sama laka ta kwanta ake samun ɗan haske. A ƙasan tafkin akwai kututturan itatuwan da ruwa ya cinye, akwai kuma kalli da mamari da masunta ke shimfiɗawa, da tsofaffin da suka tsinke aka bari. Duk shawarar da za a yanke game da kyamara, da wannan ruwan za a auna ta.

3.0 Matsalar Suna

Kafafen yaɗa labarai sun saba kiran duk wata na'ura mai sarrafa kanta mutum-mutumi. Kalmar ta karɓu, amma tushenta siffar mutum ce, irin wanda ake kafawa a gona don korar tsuntsaye, alhali abin da ake magana a kai akwati ne mai farfeloli, ba kai ba ƙafa. Tunda an riga an saba da jirgi maras matuƙi a sama, na'urar nutso ta wadatar a ruwa, kuma ita aka yi amfani da ita a nan.

Mazubin da ake rufe kyamara a ciki yawanci bututu ne na alminiyam ko na wata roba mai ƙarfi mai garai-garai da ake kira akirilik, da murfi a kowane baki. Akwati bai dace da shi ba, don akwati ba a san shi da hana iska shiga ba. Kube yana nuna abin da ake zarewa a mayar. Batta ta fi kusa, domin abin da ya sa batta ta zama batta shi ne murfin da ke kama baki tsam, ya tsare abin da ke ciki daga iska da laima.

Sai ita na'urar da ke hana kyamara rawa. Masu ɗaukar fim a Kano da masu bidiyon biki sun riga sun ari kalmar gimbal, kuma ba ta da wuyar furuci a bakin Bahaushe. Babu laifi ga aro. Sai dai aron ba ya koya wa ɗalibi komai game da aikin abin. Hanyar ƙirƙira da ɗafa-goshin ma- ita ma ta toshe, domin madaidaici, wanda da shi ne zai fito daga daidaita, tuni ya zama sifa mai ma'anar matsakaici. Kalmar da ta rage ita ce ragaya, saƙar igiyar nan da ake ratayawa a ɗaki a ɗora ƙwaryar nono ko ta fura. Duk yadda aka taɓa igiyar, ƙwarya na komawa ta miƙe, abin da ke ciki bai zube ba.

Tarihin na'urar ma yana goyon bayan wannan zaɓi. Bayani mafi daɗewa da ake dangantawa da ita na Filo ne, mutumin Bizantiya, a ƙarni na 3 kafin Miladiyya: kurtun tawada da aka rataye cikin zobba masu juyawa, ta yadda duk inda aka juya mazubin, tawada ba ta zuba. Ta hanyar fassarar Larabci wannan bayani ya iso. A Turai an laƙaba wa dabarar sunan Gerolamo Cardano (1501-1576), ko da yake bayyana ta ya yi, ba shi ya ƙago ta ba. Matuƙan jiragen ruwa sun daɗe suna rataye kamfas a cikin irin waɗannan zobba don ya zauna a miƙe komai tangaɗin jirgi. Duk waɗannan ragaya ce tsantsa: nauyi yana ƙasa, maratayi yana sama.

A nan tarkon yake. Ragayar kyamara ta zamani ba ta dogara ga rataya. Abin da aka rataye, idan aka fizgi maratayinsa, lilo yake yi kafin ya tsaya, lilo kuwa shi ne abin da ake gudu. Don haka ake ɗora kyamara ta yadda majuyinta zai ratsa daidai cibiyar nauyinta, ba sama ba ba ƙasa ba, sannan a manna mata ɗan ƙanƙanin ma'aunin motsi irin wanda ke cikin wayar hannu. Ma'aunin yana sanar da ƙaramar kwamfuta kowace karkata sau ɗaruruwa a daƙiƙa, ita kuma ta umarci ƙananan injinan lantarki su juya kyamarar zuwa kishiyar wannan karkata. Misalinta na gaskiya shi ne wuyan mai tallan nono, wadda jikinta ke rangaji tana tafiya amma ƙwaryar da ke kanta ba ta motsi. Ɗalibin da aka ce masa ragaya aka yi shiru, zai rataye kyamara ƙasa da majuyi yana ganin ya yi daidai, injinan su yi ta kokawa da lilo har su ɗauki zafi. Kalmar tana da amfani, amma da sharaɗin a rarrabe ragayar rataya da ragaya mai inji tun a darasin farko. Gwajin da ke tabbatar da bambancin mai sauƙi ne: a kashe injinan, a karkata kyamarar da yatsa, idan an saita ta daidai za ta tsaya inda aka bar ta.

Juyin da ake gyarawa iri uku ne, kuma Hausa ta riga ta raba su a motsin kai. Akwai gyaɗawa, wato sama da ƙasa. Akwai waiwaye, hagu da dama. Akwai langaɓewa, inda kai ke kwantawa wajen kafaɗa. Ba a buƙatar aro ko ɗaya a wannan wuri.

4.0 Batta da Matsin Ruwa

Kowane zurfin mita 10 yana ƙara matsin da ya kai kimanin kilo ɗaya a kan kowane murabba'in santimita. Murfin batta mai faɗin santimita 10 yana da fili murabba'in santimita 78.5; a zurfin mita 30 ke nan ruwa na danna shi da nauyin kilo 235, kusan buhu biyar na siminti a kan abin da bai fi tafin hannu ba. Battar akirilik ta samfurin da aka ambata an yi ta ne don zurfin mita 100, saboda haka ƙarfin jikin batta ba shi ne abin damuwa a Calawa ba. Inda ruwa ke shiga shi ne mahaɗa: bakin murfi, da kowane ramin da aka huda don waya ta wuce.

Abin da ke tsare bakin murfi zoben roba ne da ke kwance cikin kwarmin da aka yanka masa. Matsin ruwa da kansa ke ƙara cusa shi cikin kafa, shi ya sa batta ta fi yoyo a ruwa maras zurfi, inda matsin bai kai ya zaunar da zoben ba. Giris ɗin da ake shafa masa don ya yi santsi ne ya zauna daidai, ba shi ke toshe ruwa ba. Idan ya yi yawa ma rairayi yake kamawa. Silin gashi guda ko ƙwayar rairayi a kan zoben ta isa ta buɗe hanya.

Ana iya tambayar me ya hana a bar ragayar a waje, a rufe kyamarar kaɗai. Ana yin haka a manyan na'urori, inda ake cika injinan da mai. Amma ruwa ya fi iska nauyi kusan sau 800, injin da ke juya kyamara cikin ƙiftawar ido a iska, a ruwa ja yake da ƙyar, ga laka da ke shiga majuyi ta cinye shi. A ruwa irin na Calawa, sanya ragayar cikin busasshiyar batta shi ne hankali.

5.0 Cibiyoyi Uku

Duk masuncin da ya taɓa sukar kifi da mashi ya san kifin ba ya inda ido ke ganinsa. Haske yana lanƙwashewa idan ya ratsa daga ruwa zuwa iska, kuma kyamarar da ke cikin batta a iska take, tana kallon ruwa ta taga. Idan tagar shimfiɗaɗɗen gilashi ce, abu yana ƙara girma da kusan kashi ɗaya cikin uku, fagen gani kuma ya tsuke: idon kyamarar da ke ɗaukar digiri 90 a sarari, digiri 64 kawai zai ɗauka a ruwa. Ga kyamarar da ke kafe wannan abin haƙuri ne. Ga wadda ke juyawa kuwa illa ce babba, domin gwargwadon yadda ta karkace daga tsakiyar gilashin, gwargwadon yadda hoto ke miƙewa launuka su rabu a gefe. Akwai ma iyakar da ba a ƙetarewa: ta shimfiɗaɗɗen gilashi ba a ganin abin da ya wuce kimanin digiri 49 daga tsakiya, ko yaya aka juya kyamarar.

Mafita ita ce taga mai siffar rabin ƙwallo, wadda sunan ƙoƙo ya dace da ita ba tare da gardama ba. Hasken da ya nufi cibiyar ƙoƙo yana ratsa jikinsa a miƙe ta kowace fuska, bai lanƙwashe ba. Idan aka sa ƙwayar idon kyamara, wato wurin da haske ke tattaruwa a cikin gilasanta, daidai kan wannan cibiya, fagen gani yana dawowa yadda yake a sarari. Amma ƙoƙo na da nasa sharaɗi. Haɗuwarsa da ruwa tana mai da shi kamar ƙarin gilashin ido, wanda ke jawo hoton abu mai nisa ya tsaya a tazarar da ta ninka zurfin ƙoƙon sau huɗu daga cibiya. A ƙoƙo mai zurfin santimita 5, dole a saita kyamarar kamar tana kallon abin da ke santimita 20 a gabanta. Wanda ya saita ta a kan tebur ta yi garau, zai tarar da dishi-dishi a ruwa, wanda kuma ya saita ta don ruwa, a kan tebur zai ga kamar ta lalace.

To, a nan gizo ke saƙar. Kimiyyar haske ta ce ƙwayar ido ta zauna a cibiyar ƙoƙo, kuma ta ci gaba da zama a nan duk inda kyamara ta juya, wanda ke nufin cibiyar juyi ma a nan za ta kasance. Ragaya kuma ta ce cibiyar juyi ta zauna a cibiyar nauyi. Ƙwayar ido tana can gaba kusa da bakin kyamara, nauyi kuwa yana baya inda allunan lantarki suke. Idan aka bi ragaya aka bar haske, kowace gyaɗawa za ta gusar da ƙwayar ido daga cibiya, hoto ya riƙa kumbura yana tsukewa, ragayar da aka sa don ta kwantar da hoto ta koma ita ke motsa shi. Ga mai yawon buɗe ido wannan ƙaramin aibi ne. Ga wanda ke son ya auna faɗin tsaga a jikin kankare ya kwatanta da na bara, hoton ya tashi daga shaida. Idan kuma aka bi haske aka bar ragaya, bayan kyamara zai rinjaya, injin ya yi ta ɗaukar nauyi ba hutu.

Dabarar da ta fara zuwa a zuciya ita ce a ƙara nauyi a gaba don ya rinjayi na baya, amma gaba fagen gani ne, sai dai a sa zoben tagulla a kewayen idon ko a rataya nauyin a gefe, kuma kowane giram da aka ƙara aiki ne ga injin. Wata dabarar ita ce a faɗaɗa ƙoƙo, domin a babban ƙoƙo kuskuren milimita biyu ko uku ba ya tasiri sosai. Ita ma da kuɗinta: idan aka ninka faɗin ƙoƙo sau biyu, matsin da ke kansa ya ninku sau huɗu, iskar da ke cikinsa sau takwas. Kowace lita ta iska tana ɗaga kilo guda, kamar yadda goran masunci ke ɗauke da mai shi a kan ruwa, sai an ɗaura dalma a goshin na'urar kafin ta nutse a miƙe. Hanyar da ta fi ita ce a rage abin da ke juyawa: a bar idon da ɗan allon da ke karɓar hoto kaɗai a kan ragaya, sauran kayan a mayar da su bayan batta, a haɗa da siririyar waya mai laushi. Nauyi na raguwa, cibiyoyin suna matsowa kusa da juna da kansu. Laushin wayar ba ƙaramin abu ba ne, don waya mai tauri jan kyamarar take yi kamar gwafar danƙo.

Kafin a rufe, a juya kyamarar da hannu har iyakarta ta kowace fuska a tabbata ba ta gogar ƙoƙo. Ƙarzuwar da ke waje ruwa na cike ta har ta kusa ɓacewa. Ta ciki kuwa tana nan a kowane hoto.

6.0 Zafi da Zufa da Ƙura

Littattafan da ke zuwa tare da waɗannan na'urori ba da yanayin Kano aka rubuta su ba. A bazara zafi kan haura digiri 40, batta kuma rufaffiya ce, injinan ragaya da kyamara suna fitar da nasu zafin a ciki. Akirilik ba ya miƙa zafi ga ruwa, alminiyam yana miƙawa. Saboda haka ko da zurfin bai buƙaci alminiyam ba, zafi ya buƙace shi, a jingina duk abin da ke ɗumi da jikinsa. Lokacin da ya fi haɗari shi ne kafin shiga ruwa, na'ura tana kunne a cikin kwalekwale rana na dukanta. Jiƙaƙƙen buhu a kanta ya isa. Ma'aunin motsi ma yana sauya hali da sauyin zafi, don haka wanda aka saita a rana kan fara karkata hoto sannu a hankali bayan an shiga ruwa mai sanyi. Gara a bar na'urar ta ɗan jima a ruwa kafin a saita.

Iskar da aka rufe a ciki tana ɗauke da laimar wurin da aka rufe ta. Da ƙoƙo ya taɓa sanyin ƙasan tafki sai ya yi zufa ta ciki, kamar kwalbar ruwan sanyi, daidai inda kyamara ke kallo. Maganinsa ƙunshin ƙwayoyin silika irin waɗanda ake samu a kwalin sabon takalmi, a ɗaure su kada su faɗa cikin ragaya. Iskar hunturu busasshiya ce, ta fi dacewa da rufe batta, kuma lokacin ne ruwa ya fi kwanciya. Sai dai ita ce mai ƙurar da ke kashe zoben roba. A rufe a ɗaki, kada a buɗe a bakin ruwa.

Mai faci yana hura tayar ciki ya tsoma a ruwa ya nemi kumfa. Gwajin batta kishiyar wannan ne: ana zuƙe iskar ciki da ɗan famfon hannu, a zuba wa allurar ma'auni ido kamar minti goma sha biyar. Idan ta motsa, akwai kafa. Dalilin zuƙewa maimakon hurawa shi ne, ruwa daga waje yake dannowa, gwaji kuma ya kamata ya danna murfin ta fuskar da ruwa zai danna shi.

7.0 Gwargwadon Buƙata

Ragaya juyi kawai take gyarawa. Idan na'urar ta gusa gefe ko ta yi sama da ƙasa, babu abin da za ta iya. A kaɗaɗɗen ruwa dole kyamara ta matso dab da bango kafin ta ga wani abu, a irin wannan kusanci kuwa gusawar ta fi juyi ɓata hoto. Fitila ma sai an nisanta ta da idon kyamara an karkata ta, in ba haka ba lakar da ke yawo za ta mayar da hasken, kamar fitilar mota a cikin hazo. Auna yawan lakar da ta kwanta a ƙasan tafki kuwa ba aikin kyamara ba ne sam, na na'urar da ke aika sauti ta saurari amsa-kuwwarsa ne. Wanda ya kashe kuɗinsa a kan ragaya mai majuyi uku ya bar waɗannan, ya sayi sirdi kafin doki.

Duk da haka ba a ce a watsar da ita ba. A duhu kyamara na daɗewa tana karɓar haske kafin ta kammala kowane hoto, ƙaramar girgiza a wannan lokaci tana shafe shi, kuma manhajar da ke daidaita bidiyo bayan an ɗauka ba ta iya dawo da abin da ya riga ya shafe. Abin da ya dace da Calawa shi ne majuyi ɗaya mai inji, na gyaɗawa, wanda dama ana buƙatarsa don kallon sama da ƙasa, kuma shi ya fi sauƙin daidaitawa da cibiyar ƙoƙo. Langaɓewa a bar wa jikin na'urar: abin da ke ɗagawa a sama, dalma a ƙasa, ta miƙe da kanta. A wannan gaɓar ragayar rataya ta dawo da cikakkiyar ma'anarta ta asali. Waiwaye kuma aikin farfeloli ne, amma kada a dogara ga kamfas, domin maganaɗisun injinan ragaya na ruɗa shi idan yana kusa da su, ƙofofin ƙarfe da rodin da ke cikin kankare kuma suna ruɗa shi daidai wurin da aka zo dubawa. Ragaya mai majuyi uku ta fi amfani a ƙaramin jirgi maras matuƙi da ke bin saman ruwa yana ɗaukar fuskar bango, inda igiyar ruwa ke jijjiga shi ta kowane ɓangare.

Mafi yawan fizgar da kyamara ke sha ma ba daga ruwa take zuwa ba, daga igiyar da ta haɗa na'urar da mai sarrafa ta ne. Saƙon rediyo ba ya tafiya mai nisa a ruwa, don haka ta wannan igiya hoto ke hawowa umarni ke sauka. Makiyaya suna da sunan irin wannan ɗauri, talala, inda ake sakar wa dabba doguwar igiya ta yi kiwo amma ba ta kuɓuce ba. Daga cikin kalmomin da aka gwada, wannan ce kaɗai ke ɗauke da umarnin aiki a cikinta ba tare da gyara ba: idan igiya ta yi tsauri ta fizgi na'ura, idan ta yi sako-sako ta naɗe a kututture ko a mamari. Shi ya sa ake ware mutum guda wanda ba ya kallon allo, aikinsa saki da ja kawai, kuma wanda ya fi cancanta da shi masunci ne da ya saba da jin abin da ke ƙasan ruwa ta hannunsa. Kafin a jefa na'urar, Sarkin Ruwa ne zai faɗi inda aka shimfiɗa kalli da inda tsohon kwarin kogi ya bi, ma'aikatan madatsa kuma su tabbatar an rufe ƙofar da za a duba, domin tsotson da ke riƙe mutum yana riƙe na'ura da igiyarta.